An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tsakanin Mai Fatsa Da Mai Gamalin A Ruwan Zazzau

 Maganarmu ta wannan wata a kan wata ɗabi'a ce wadda ake gani jefi-jefi a birnin Zariya da kewayensa, wato mutum mai sana'arsa, malamin makaranta ne ko tela ko ma'aikacin ofis, ya ɗauki sandar fatsa ranar hutunsa, ya fita ta Ƙofar Doka ya nufi bakin Kubanni, ko kuwa ya zarce har Galma, ya zauna yana jiran kifi, alhali shi ba masunci ba ne, bai kuma gaji su ba. Mafi yawan abin da irin wannan mutum yake samu daga jama'ar unguwa shi ne zunɗe da dariya. Wasu su ce ga babba da wasan yara, wasu su ce kwaikwayon Turawa ne, wasu kuma su yanke masa hukuncin ɓata lokaci kai tsaye.

Abin mamaki shi ne, waɗannan masu zunɗe ba ka jin bakinsu idan aka wayi gari matattun kifaye suna yawo a kan ruwa saboda wani ya zuba guba cikin dare. Hasali ma wasunsu su ne kan gaba wajen sayen kifin da araha. Wannan shi ne barin jaki a koma dukan taiki. Ra'ayinmu a nan shi ne, mai fatsa na nishaɗi, matuƙar ya kiyaye iyakokin shari'a, ya fi cancanta a jawo shi a jiki a mayar da shi mai gadin ruwa, a kuma juya fushin jama'a ga waɗanda suke kashe ruwan baki ɗaya.

Mu fara da hukunci, domin shi ne abin da ya fi damun mai karatu. Duk wanda ya zauna a zauren malami a cikin ganuwar nan ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya san cewa littafin ya bambanta farautar da ake yi don wasa kawai, wadda ya sanya ta cikin abin ƙi, da wadda ake yi don wata manufa, wadda ya halatta. Malaman mazhabar Malikiyya da suka zo bayansa sun ƙara faɗaɗa bayani, suka nuna cewa farauta tana iya zama wajibi ga wanda yunwa za ta halaka shi ko iyalinsa, tana zama abin so ga mai neman yalwata wa iyali ko yin sadaka, tana zama halal ga mai neman abinci ko abin sayarwa, tana zama makaruhi ga mai wasa, sannan tana zama haram ga wanda zai kashe rai ya watsar, ko wanda za ta sa shi tozarta salla da sauran haƙƙoƙin da ke kansa. To, a wane gida mai fatsa yake? Amsa tana ga niyyarsa da aikinsa. Idan ya kamo tarwaɗa biyu ko karfasa huɗu ya kai gida aka sa a tukunya, ko ya miƙa wa maƙwabci mabuƙaci, ya kuma yi sallarsa a kan lokaci, to jin daɗin da ya samu na iskar bakin kogi da hutun ƙwaƙwalwa ba ya ɓata masa komai. Ai manomi ma yana jin daɗin ganin dawarsa ta yi kyau, ba wanda ya ce nomansa ya zama wasa.

Masu cewa kwaikwayon Turawa ne kuwa, suna da 'yar gaskiya ta wani gefe, domin haka ya kamata mu san yadda abin yake a can. A ƙasar Amurka akwai wani kifin ruwan daɗi mai faɗin baki da suke kira bas, mai cin 'yan'uwansa kifaye, mai ƙarfin ja idan ƙugiya ta kama shi, wanda za a iya kwatanta halinsa da na giwan ruwa a wurinmu, duk da cewa bai kai ta girma ba ko kusa. Mafi girman wanda aka tabbatar an kama a can shi ne wanda George Perry ya samu a jihar Jojiya a 1932, nauyinsa kilo 10 da ɗan ɗoriya, alhali a bikin kamun kifi na Argungu an sha fito da giwan ruwa mai nauyin kilo 50 ko fiye. Amma a kan wannan ɗan kifi aka gina babbar harka ta jiragen ruwa da sanduna da gasanni na maƙudan kuɗi. Wani mutumin Alabama mai suna Ray Scott shi ne ya shirya gasarsa ta farko a 1967, ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. a 1968, sannan daga 1972 ya fara kira ga masu gasa da su riƙa mayar da kifin ruwa da ransa bayan an auna shi.

A cikin wannan al'ada tasu akwai abin ɗauka, akwai kuma abin bari. Abin ɗauka na farko shi ne tsari. Tun 1950 suka yi dokar da ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, kuɗin kuma ana mayar da shi ne ga jihohi domin gyaran tafkuna da kula da kifaye. Mai fatsa a can yana yankar lasisi, an ƙayyade masa yawan kifin da zai ɗauka a yini, an kuma ƙayyade tsawon da in kifi bai kai ba dole ya sake shi. Wato mai cin moriyar ruwa shi ne mai biyan kuɗin kula da shi. Babu wani abu a cikin wannan da ya saɓa wa hankali ko addini.

Abin bari na farko shi ne wahalar da rai don alfahari. Mutum ya soke bakin kifi da ƙugiya, ya ja shi har ya galabaita, ya ɗaga shi a ɗauki hoto, sannan ya jefa shi ruwa don gobe ya sake yi masa haka, ba don ci ba, ba don sayarwa ba, wannan a ganinmu shi ne ainihin wasan da malamai suka ƙi. Amma sakin ƙaramin kifi domin ya girma, ko sakin uwa mai ƙwai domin ta hayayyafa, wannan gyara ne, kuma muna fatan lada ga mai yinsa. Abin bari na biyu shi ne gasar da kowa zai zuba kuɗi, wanda ya yi sa'a ya kwashe, domin wannan ƙofa ce da take buɗewa zuwa ga caca. Abin bari na uku kuwa, wanda ya fi kowanne haɗari ga ruwa, shi ne ɗauko baƙon kifi a zuba a inda Allah bai halicce shi ba. An kai kifin bas ƙasar Japan a 1925, ya yaɗu har tafkin Biwa, mafi girma a ƙasar, ya far wa kifayen gida, har ta kai a 2003 hukumar yankin ta hana mai fatsa mayar da shi ruwa in ya kama shi, a 2005 kuma doka ta sanya shi cikin baƙin halittu masu ɓarna. Ita kanta giwan ruwa tamu, da aka zuba ta a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, ana ƙiyasta cewa ta yi sanadin ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye kimanin 200. Saboda haka duk mai sha'awar da zuciyarsa ta raya masa ya kawo wani kifi daga wata ƙasa ya zuba a Galma, to ya ji tsoron Allah, domin abin da aka zuba a kogi ba ya kwasuwa.

Yanzu sai mu dawo ga jakin da aka bari. Kogin Kubanni yana tasowa ne daga wajen Shika, ya ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda aka datse shi a 1973 domin ruwan shan jami'a, sannan ya bi tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada ya faɗa Galma, ita kuma Galma ta gangara zuwa kogin Kaduna. Daga Galma ɗin nan ake jawo ruwan famfon da Zariya take sha, da waɗannan ruwaye kuma masu noman rani suke ban ruwan tumatir da albasa da latas ɗin da muke saye a kasuwa. Duk wanda ya tsaya a kan gadar Kubanni da rani ya leƙa ƙasa, ya san abin da muka mayar da wannan ni'ima: leda, da shara, da ruwan kwata, da baƙin mai na masu gyaran mota. Wannan ba aikin mai fatsa ba ne, aikinmu ne mu duka.

A kan wannan ƙazanta sai ga mai guba. Tun da can akwai masu daka magimfa su zuba a ruwa don kifi ya bugu ya taso, amma da maganin ƙwari irin su gamalin ya shigo ƙasa, sai ɓarnar ta wuce misali. Sinadarin da ke cikin gamalin, wato lindan, ba ya saurin narkewa, yana taruwa a kitsen kifi ya wuce zuwa jikin wanda ya ci, kuma saboda haɗarinsa ne ƙasashen duniya suka sanya shi a jerin abubuwan da za a daina amfani da su a ƙarƙashin yarjejeniyar Istokhom a 2009. Guba ba ta zaɓe. Tana kashe babba da ƙarami, da ƙwai, da ƙwarin da kifi yake ci, ta kuma bi ruwa ta isa ga saniyar Bafulatani da yaron da yake wanka. Bayan mai guba akwai mai jan gidan sauro, wanda aka ba shi kyauta don ya kare 'ya'yansa daga zazzaɓin cizon sauro, shi kuwa ya ɗinka shi ya mayar da shi taru yana tace 'ya'yan kifi waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Ya mai karatu, ka auna da kanka: ƙugiya ɗaya mai kama kifi ɗaya wanda ya isa haɗiyar koto, da kwalba ɗaya mai kashe duk abin da ke cikin gurbi, wanne ya fi cancantar tsawatarwa?

Ba rashin doka ne ya kawo mu nan ba. Dokar Kamun Kifi ta Cikin Ƙasa, wato doka ta 108 ta 1992, ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Amma doka a takarda ba ta tsare kogi, ido ne yake tsare shi, jami'in gwamnati kuwa ba zai kwana a bakin Galma ba. Wanda yake zaune can awa uku yana kallon ruwa, ya san launinsa na jiya da na yau, ya san lokacin da kawara da ƙurungu suka fara ƙaranci, shi ne mai fatsa da ɗan'uwansa masunci na gaskiya. Su ne za su fara ganin ɓarna, su ne kuma ɓarnar take fara cuta.

Kiyaye ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, inda aka fara bikin a tsarinsa na yanzu a 1934, ana hana su a gurbin Matan Fada har sai lokacin biki ya zo, Sarkin Ruwa kuma shi ne mai kula da wannan hani. Shi ya sa ake samun manyan kifaye a can. Iyayenmu sun san cewa ruwa ma yana buƙatar hutu kamar yadda gona take buƙata.

Saboda haka muna kira ga Masarautar Zazzau da hakimai da masu unguwanni da su zauna da shugabannin masunta su sanya lokacin hutun ruwa a farkon damina, domin a lokacin ne tarwaɗa take bin sabon ruwa zuwa cikin ciyawa ta zuba ƙwai. Muna kira ga masana halittun ruwa na jami'a da su sauko su gaya wa jama'a, da Hausa, girman idon tarun da ya dace da tsawon kifin da ya isa kamu. Muna kira ga limamai da masu wa'azi da su ambaci zuba guba a ruwa da sunansa, su bayyana cewa cutar da Musulmi ne da wanda ba Musulmi ba, kuma kuɗin da aka samu ta wannan hanya ba shi da albarka. Masu saye kuma su guji kifin da aka tara tuli guda, manya da ƙanana, ba raunin ƙugiya ba alamar taru, ga araha mai ban tsoro.

Su kuma masu fatsa, nasu nauyin yana nan. Su haɗa kansu su san juna, su kai rahoton mai guba ga mai unguwa ba tare da ɗaukar doka a hannu ba. Su ɗauki abin da za su ci su bar saura. Idan suka kama karfasa suka ga bakinta cike da ƙwai, su sani uwa ce mai reno, domin a baki take ɗaukar 'ya'yanta, su mayar da ita da sauri. Kada su shiga gonar mai lambu ba izini, kada su bar tsinkakken zare da ƙugiya a gaɓa inda dabba ko yaro zai taka. Su nisanci kududdufan cikin gari, waɗanda kwatocin gidaje suke zuba a ciki, su kuma hana yara shiga, domin a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya. Wanda zai tafi da ɗansa ya riƙe shi kusa, domin kogi ba ya sabo. In lokacin salla ya yi, a ajiye sanda.

Matashin da ya kwana da shirin fita bakin ruwa da sassafe, ya dawo da abin miya ga mahaifiyarsa, ya fi mana wanda ya wuni a bakin titi yana cin naman mutane ko yana neman abin da zai gusar masa da hankali. Mu daina yi masa dariya, mu koya masa iyaka, mu kuma haɗu da shi a kan wanda yake zuba mana mutuwa a ruwan sha. Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar abin da Ya ba mu, Ya sa mu bar wa 'ya'yanmu Kubanni da Galma da rai a cikinsu.