KIƊAN FIYANO NA SIFEN: A DAINA GUTSURA SHI

Ba kasafai ake samun makaɗin fiyano da zai zauna a gaban jama'a ya kaɗa "Iberia" daga farko har ƙarshe ba. Abin da aka fi sabawa da shi a zaurukan kiɗe-kiɗe na Turai da Amurka shi ne a tsakuro kashi ɗaya, galibi "Triana", a liƙa shi a ƙarshen shiri bayan an gama da kiɗan Jamusawa. Wannan al'ada tana tauye haƙƙin wanda ya tsara kiɗan, tana kuma tauye na mutanen da suka biya kuɗin shiga.

Isaac Albéniz, wanda aka haifa a 1860, shi ne ya tsara "Iberia" a 'yan shekarun ƙarshen rayuwarsa, yana zaune a Faransa, ciwon ƙoda yana cinsa, har ya rasu a 1909. Kashi 12 ne, cikin littattafai huɗu. Yawancinsu suna ɗauke da sunayen wurare na Andalus, watau kudancin Sifen inda Musulmi suka yi mulki har 1492: Almeriya, Malaga, Jerez, da Albaicín, tsohuwar unguwar birnin Garanada. Mai sauraro kamar matafiyi ne, ana fita da shi daga wannan gari a shiga da shi wancan. Wanda aka ba kashi ɗaya tak, a bakin ƙofar gari aka tsai da shi.

Za a ce ai akwai faifai. Gaskiya ne, amma a ɗakin ɗaukar faifai makaɗi yana iya maimaita wuri sau goma, a yanke mai kyau a haɗa. A gaban jama'a babu wannan dama. Kuma kiɗan Albéniz na gani ne kamar yadda yake na ji, domin ya tilasta wa fiyano kwaikwayon jita, da tafi, da bugun ƙafar masu rawa. Alal misali, a kashin da ke siffanta jerin gwanon bikin addini a birnin Sebiliya, sai da aka rubuta waɗansu wurare a kan layi uku maimakon biyu da aka saba, hannuwa suna tsallake juna. Yana farawa da amon ganga daga nesa, ya kumbura har ya cika zaure, sa'an nan ya lafa zuwa sautin da da ƙyar kunne yake kamawa. Wannan shirun na ƙarshe, da ɗaruruwan mutane suka riƙe numfashi tare, ba ya shiga faifai.

Uzurin masu shirya taro shi ne wahala da tsawo, don kuwa aikin yana cin kusan awa ɗaya da rabi, kuma kuskure ba ya ɓoyuwa. To, Alicia de Larrocha, 'yar Basalona wadda ta rayu daga 1923 zuwa 2009, tsawonta bai kai ƙafa biyar ba, hannuwanta kuma ƙanana ne, amma ta sha kaɗa shi gaba ɗaya a manyan biranen duniya, mutane suna cika zaure. Ashe ba masu sauraro ne suke gudun aikin ba.

Akwai kuma wata ɓarna da gutsurawa take jawowa. Mutane da yawa sun ɗauka "Asturias" kiɗan jita ne, saboda ta hannun makaɗan jita irin su Andrés Segovia ya yi suna, alhali kuwa don fiyano Albéniz ya rubuta shi. Idan makaɗan fiyano suka saki kayansu, waɗansu ne za su ɗauka.

Ya kamata makarantun koyar da kiɗa da masu zauruka su riƙa keɓe dare guda sukutum domin "Iberia", wani kuma domin "Goyescas" na Enrique Granados, wanda shi da kansa ya fara kaɗa kashinsa na farko a gaban jama'a a Basalona a 1911, shekara biyar kafin ya nutse a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa.