Matambayi Ba Ya Ɓata, In Ya Iya Tambaya

Mutumin Japan ba ya tare wanda bai sani ba da tambaya kai tsaye. Sai ya ɗan rusuna ya ce "sumimasen", wato gafara dai. Asalin ma'anar kalmar shi ne "abin bai ƙare ba": ya ci lokacin wani, saura bashi a kansa. Domin ƙarin girmamawa yakan ce "chotto ukagaimasu ga", wato ɗan tambaya gare ni, sa'an nan ya nemi hanyar tashar jirgi.

A ganina gaskiyarsu ce, domin amsar mai wucewa kyauta ce, ba tilas ba. Mu 'yan boko da muke ƙyashin cewa "don Allah, Malam", mu lura: ƙasar da ta ƙera Toyota ba ta yar da ladabinta ba.