Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Ba da Agajin Gaggawa (SEMA) ta Jihar Sakkwato da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima



Duk lokacin da hukumar kula da yanayi ta NiMet ta fitar da hasashen kwana uku, ta ce ana sa ran ruwa mai ƙarfi da tsawa da iska, labarin yakan tsaya a wayoyin ma'aikata, da Turanci. Manomin shinkafa a fadamar Wurno ba ya ganinsa. Mai kwalekwale a Goronyo sai hadari ya haɗu a kansa yake sani.

Ku kun fi kowa sanin yadda ruwan ƙasar nan yake tafiya. Dam ɗin Goronyo, da aka kammala a 1984, yana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma abin da ke cika shi daga nesa yake zuwa, daga Katsina da Zamfara da ƙasar Maraɗi. Sai ka ga sama garau a Wurno, amma gulbi na tasowa cikin dare. Rabah kuwa tana bakin gulbin Sakkwato, ƙasa da dam ɗin Bakolori. Wanda ya ga Satumbar 2010 bai manta ba: ƙauyukan Goronyo sun nutse, rumbuna sun narke da hatsin cikinsu, hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke.

Roƙona shi ne gargaɗi ya zo da sunan gari da lokaci. "Wasu sassan jihar" ba ta tashin kowa daga barci. A ce ran kaza, bayan la'asar, za a ƙara buɗe ƙofofin dam, garuruwa kaza su kwashe dabbobi da hatsi zuwa tudu. A faɗa da Hausa da Fulatanci a Rediyon Rima, a kira uwayen ƙasa da masu unguwanni ta waya, mai shela ya zaga, liman ya maimaita bayan sallar Magariba.

Kuma ku dubi halin da yankin yake ciki. Mutumin Rabah ko Goronyo ba zai ɗauki iyalinsa ya shiga daji da dare ba, domin tsoron 'yan bindiga ya fi masa na ruwa. Gargaɗin da ya iso bayan Isha'i bai amfane shi ba. Sai dai gargaɗin ya riƙa zuwa da rana tsaka, a kuma sanar da makarantar da za a sauka, da jami'an tsaro a wurin.

Sai batun jirage. Kifewar kwalekwalen 'yan kasuwar Goronyo a Agustan 2025 har yanzu tana ci mana rai. Ranar da hasashe ya nuna iska, a sa mutum a mashigi ya ƙidaya fasinja, ya hana lodin babura a kan mutane, ya raba rigunan kariya.

Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Goronyo da Rabah kuma su sa a yashe kwalbatoci da magudanan cikin gari tun kafin Agusta ta kama.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga bakin gulbin Rima