Gyatsar saniya da zafin duniya



Ranar da malaminmu ya ce gyatsar saniya tana cikin abubuwan da ke ƙara wa duniya zafi, aji duka muka fashe da dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Malam, gyatsa ko dai ɗaya abin?” Malam ya ce a’a, gyatsa ce, don mafi yawan iskar ta baki take fita. Bayan an tashi dariyar ta kau, sai tunani ya biyo baya. Da yawanmu da kuɗin rago ko na ɗan maraƙi aka biya mana kuɗin makaranta. To, idan dabbobin nan suna ɓata yanayi, cewa za a yi iyayenmu su daina kiwo ke nan? Wannan tambaya muka zo da ita wannan mako.

Bari mu fara da cikin saniyar. Shanu da tumaki da awaki dabbobi ne masu tuƙa, kuma cikinsu ɗaki huɗu ne. A babban ɗakin, wato tumbi, akwai ƙananan halittu birjik waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke narkar da ciyawa da kara, abin da cikin ɗan Adam ba zai iya ba. Suna cikin wannan aiki ne wata iska da ake kira metan take fitowa, dabbar kuma ta yi gyatsarta waje. Metan tana cikin iskokin da ke taruwa a sama su zama kamar bargo, su hana zafin da ƙasa ta sha daga rana komawa waje. A tsawon shekara 100, ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na iskar kabon da ke fita daga motoci da masana’antu kusan sau 28. Sai dai ba ta daɗewa, kimanin shekara 12 take yi a sama ta lalace. Ke nan idan aka rage ta yau, mu da ku za mu ga amfanin da idonmu, ba sai jikokinmu ba.

A shekarar 2013, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa harkar kiwo ce ke samar da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama yanayi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan daga shanu ne. A 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo, Najeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka amince a haɗa ƙarfi a rage metan a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Akwai wata gaskiya da ya kamata mu faɗa tun yanzu. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Ba makiyayin Jigawa ko na Adamawa ne ya jefa duniya cikin wannan hali ba, kuma duk wanda ya ce talaka ya sayar da garkensa alhali masu manyan masana’antu suna ci gaba da hayaƙinsu, bai yi adalci ba. Amma idan ruwa ya yi jinkiri, ciyawa ta ƙone, rijiyoyi suka ƙafe, mu ne a gaba wajen shan wahala. Sannan, kamar yadda za mu gani, hanyar rage iskar a wurinmu ita ce kuma hanyar ƙara nono a ƙwarya.

Ku kawo alƙalami mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara akwai saniya da ba ta ƙoshi, tana fitar da metan giram 100 a rana, ana tatsar lita ɗaya daga jikinta. Ga kuma wata da ake ba abinci mai kyau. Ita ta fi ci, saboda haka ta fi gyatsa, a ce giram 150, amma tana ba da lita uku. Kowace lita ta saniyar farko ta zo da giram 100, ta biyun kuwa giram 50 kacal. Gidan da ke bukatar lita shida kullum zai iya samunta daga shanu shida masu yunwa, iska giram 600, ko daga shanu biyu masu ƙoshi, iska giram 300. Nono iri ɗaya, iska rabi. Lambobin namu ne na misali, amma haka abin yake a zahiri. Wani binciken FAO na 2010 ya nuna cewa iskar da ke biyo bayan kowace lita ta madara a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ta ninka matsakaicin ta duniya kusan sau uku. Ba yawan cin dabbobinmu ne ya jawo haka ba, ƙarancin abin da suke bayarwa ne.

Kowa ya san yadda saniya take a watan Afrilu: haƙarƙari a waje, tana jan ƙafa. Naman da ta tara da damina ya zube da rani, damina ta dawo ta sake farawa daga tushe. A garken gargajiya, karsanar Bunaji takan kai shekara huɗu, wani lokaci biyar, kafin haihuwar fari. Duk waɗannan shekaru tana gyatsa kullum, babu ɗigon nono ko ɗaya. Maraƙin da ya sha nono wata shida sannan cuta ta kashe shi, shi ma iskar da aka fitar dominsa ta tafi a banza, kuma asarar mai shi ce kafin ta kowa.

Saboda haka maganin farko abinci ne. Busasshen kara da tattaka suna cika ciki amma suna daɗewa ba su narke ba, kuma amfaninsu kaɗan ne. Idan aka haɗa su da harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da ƙowa, da angurya, dabbar takan fi samun abin gina jiki daga kowane ƙunshi. Harawar da aka yanka da sauran ɗanyenta aka busar a inuwa ta fi wadda aka bari a rana ganyenta ya kakkaɓe. Itacen gawo kuwa kyauta ce daga Allah: yana fitar da ganye da ’ya’ya da rani, daidai lokacin da babu komai a daji, kuma yana ƙara wa gona albarka. Cibiyar IITA, wadda ke da reshe a Kano, ta daɗe tana aiki a kan irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa a tare. Cibiyar NAPRI ta Shika, kusa da Zariya, ita ma bincikenta a kan abincin dabbobi da inganta iri yake. Akwai kuma dabarar jiƙa kara da ruwan takin yuriya a rufe shi na makonni don ya yi laushi ya ƙara amfani, amma kada ku gwada sai da malamin gona, domin yuriya idan ta yi yawa tana kashe dabba.

Na biyu lafiya. Tsutsar ciki da kaska da sammore da ciwon huhu suna cinye rabin wahalar mai kiwo. Dabbar da ke ɗauke da tsutsa tana ci ne ita da baƙinta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa alluran rigakafi a nan cikin gida, kuma kuɗin allura bai kai ko kusa da kuɗin saniya ba. Kada mu ɗauka cutar dabbobi ba ta jin magani: da rigakafi aka ga bayan bushiya, annobar da ta sha share garkunan kakanninmu, har aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011.

Na uku kashin dabbobi. Idan aka tara shi jiƙe a rami inda iska ba ta shiga, shi ma metan yake fitarwa. A Indiya da Kenya gidaje da yawa sun mayar da wannan riba. Suna zuba kashin shanu da ruwa a rufaffen tanki, iskar ta taru, a ja ta da bututu zuwa murhu a yi girki, abin da ya rage kuma a kai gona ya zama taki. An huta da sare itace, uwa ta huta da hayaƙi. Inda ba a da halin gina tanki, a tara takin a inuwa ana juya shi, a kai gona a kan kari. A kuma daina cinna wa daji da karan gona wuta, don abincin dabba ne ake mayarwa hayaƙi.

Akwai wurin da maganar take da nauyi. Lissafinmu na ɗazu yana aiki ne idan garken bai ci gaba da kumbura ba. A wurin makiyayi, shanu su ne banki, su ne sadaki, su ne mutunci, su ne abin dogaro ranar da ciwo ya zo. Ba za a ce masa ya rage su ba alhali babu likitan dabbobi kusa da rugarsa, babu mai sayen nononsa da daraja, burtali ya zama gona, kuma ɓarayin shanu na iya kwashe komai a dare ɗaya. Wannan aikin hukuma ne. An kafa Ma’aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, kuma abin da za mu auna ta da shi shi ne ko ruwa da rigakafi da kasuwa sun isa ruga. Abin kunya ne a ce muna da wannan dukiya amma madarar garin da muke haɗa shayi da ita mafi yawanta daga waje ake shigo da ita.

Ku ma akwai naku. Da yawa cikinku kuna da ɗan rago a turke ko akuya a bayan ɗaki. Ku samu littafi ku riƙa rubuta abin da take ci, da ranar da aka ba ta maganin tsutsa, da ranar da ta haihu. Da kaka, ku taya a tara harawa a ɗora a kan rumfa tun tana arha. Ragon da ya ƙoshi ya isa kasuwa cikin wata huɗu ya fi wanda ya shekara yana rama, a aljihu da kuma a iska. Idan makarantarku tana da ƙungiyar matasan manoma, ku nemi malamin gona ya taimaka ku turke raguna biyu masu kai ɗaya, ɗaya a kan kara zalla, ɗaya a kan kara da harawa da dusa, ku riƙa auna su duk mako biyu. Ku dasa gawo ko da guda ɗaya ne, ku kuma kewaye shi kada awaki su cinye shi tun yana ƙarami.

Idan kun gwada, ku rubuto mana abin da ma’auni ya nuna, za mu buga a wannan shafi da sunan makarantarku. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.