Shiga Tsakani Iri Biyu Ne

'Yan'uwa mazauna Ikko, Ibadan da Fatakwal, Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Tun da saɓani ba ya ƙarewa, wajibi ne mu san kalmomin da ake kashe shi da su, gama kowace da aikinta.

Mu ɗauki misali daga Muchalla, ƙasar Fali da ke cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa. Idan shanu suka yi ɓarna a gona, wanda ya riƙe sandar da aka ɗaga, raba faɗa ya yi. Wanda ya je wurin manomi, ya koma wurin makiyayi, yana kai magana mai sanyi yana binne mai zafi, shi ne mai shiga tsakani. Sa'ad da jauro da arɗo suka zauna aka kimanta ɓarnar, kowa ya rage wani abu daga haƙƙinsa, an sasanta ke nan. Sulhu kuwa sai ran da mutanen biyu suka gaisa a kasuwar Mubi ba da ƙullin zuciya ba. Alƙali yana yanke hukunci, wani ya ci, wani ya faɗi, amma a sulhu ba wanda ke komawa gida da kunya.

Sai dai a lura. Mukan ce dattijo ya shiga tsakani, mukan kuma ce annamimi ya shiga tsakanin aminai. Kalma ɗaya, aiki biyu: wannan ɗinki, wancan ɓaraka.

A Kudu mun ɗanɗana kuɗarmu. Rikicin Shagamu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 ba su gushe daga zukata ba. Na kasuwar Shasha a Ibadan, cikin Fabrairun 2021, daga cacar baki tsakanin mutum biyu ya faro, ya ƙare da asarar rayuka da ƙonewar rumfuna. Masu shiga tsakani na ɓaraka sun riga na ɗinki isa wurin.

Saboda haka kowace kasuwa da kowane zango su tanadi dattawan da ke jin harshen masu masaukinmu, waɗanda Sarkin Hausawa da shugabannin gari suka amince da su tun kafin ranar tsiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matasa kuma, kafin ku kai labari, ku tambayi kanku: wane irin shiga tsakani nake yi?

Allah ya zaunar da mu lafiya.