Daga Haiti Zuwa Yindiski: Taimakon da Ya San Sunan Mai Gida

A 1978 wasu Katolika biyu a birnin Nashville na Amurka, Harry Hosey da Theresa Patterson, suka ƙulla ƙawance tsakanin wata majami'a ta birninsu da wata majami'a guda a karkarar Haiti. Ƙasar tana rabon tsibiri ɗaya da Jamhuriyar Dominika, kuma babu wadda ta kai ta talauci a duk yankin. Majami'a ɗaya tak suka riƙa, da Fadanta da makarantarta da mutanenta. Wasu suka gani suka kwaikwaya, har aka wayi gari majami'u sama da 300 kowace tana da ƙawarta, galibi a Haiti.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Majami'ar da ke da hali tana aika kuɗi a kai a kai, ko da kaɗan ne. A karkarar Haiti mafi yawan makarantu ba na gwamnati ba ne, don haka kuɗin kan tafi ga albashin malamai, da abincin rana na yara, da magani, da tankunan tara ruwan sama a wurare irin tsibirin La Gonave inda ruwan sha ke wuya. Masu aikin sa kai, likitoci da nas-nas da malamai, sukan je su yi mako ɗaya ko biyu. Inda abin ya yi albarka, za ka tarar Fada da kwamitin majami'arsa ne ke faɗin abin da ake bukata, baƙi kuwa suna komawa wuri guda shekara da shekaru, har sun san wace uwa ce ta haihu bara.

Ba a rasa tuntuɓe ba, kuma su da kansu sun yi ta muhawara a kai. Mene ne amfanin mutum goma su kashe kuɗin jirgi don su shafa wa aji fenti, alhali magina da masu fenti na garin suna zaune ba aiki? An ga inji da aka kafa ya lalace ya zauna, saboda ba a koya wa kowa gyaransa ba. A ganina wannan muhawarar ita ce mafi daraja cikin abin da za mu ɗauko, domin ta nuna kyakkyawar niyya ma tana bukatar a bincike ta.

Dubi Fonkoze, bankin talakawa da wani Fada ɗan Haiti, Joseph Philippe, ya kafa a 1994 domin mata 'yan ƙananan sana'o'i. Wata Ba'amurkiya, Anne Hastings, ta zo da ƙwarewarta ta yi shekaru tana jagoranci, amma tunanin na gida ne, ma'aikatan ma 'yan gida. Da girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu 2010 ta rugurguza Port-au-Prince, rassansa na karkara suka ci gaba da miƙa wa mutane kuɗin da dangi ke aikowa daga waje. Bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse a 2021, 'yan daba suka tare hanyoyi, baƙi da yawa suka daina zuwa. Aikin da aka damƙa a hannun 'yan gari shi ya ci gaba da numfashi.

Mu a Yobe ba sai an ba mu labarin ranar da hanya ke rufewa ba. Muna kuma da namu tsibiran. Akwai tumbunan Tafkin Chadi a maƙwabciyarmu Borno, inda masunta Hausawa da Buduma suka daɗe suna zaune nesa da asibiti. Akwai ƙauyukan fadamar Nguru da na bakin Komadugu da ambaliya ke yankewa da damina, ga kuma irin su Tulo-Tulo a Yusufari da yashi ya yi wa ƙawanya. Hannun taimako ma ba mu rasa shi ba: 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, Zumuntar Mata a majami'u, da dayosis ɗin Katolika na Maiduguri wanda Pataskum ke ƙarƙashinsa. Mun iya kai ɗauki idan gobara ta tashi ko azumi ya kama. Inda muke da rauni shi ne komawa bayan an sauke buhunan shinkafa an ɗauki hoto.

Abin mamaki, 'yan karar Pataskum sun riga mu sanin sirrin. Falken da ya kawo shanu daga nesa gidan dillali guda yake sauka kowace shekara, kuma wannan daɗewar ce ke sa a ba shi bashi ba tare da takarda ba. Zumunci a ƙafa yake, amma sai ƙafar ta san ƙofar da take komawa.

To me zai hana masallacin Juma'a ɗaya ko majami'a ɗaya a unguwar Yindiski ta Pataskum ta zaɓi ƙauye guda ta riƙe shi shekara biyar? Zuwan farko a je hannu biyu da sauraro, a zauna da bulama da liman ko katikis, a kuma nemi matan gari su yi magana a keɓe, don su suka san nisan rijiya da wahalar naƙuda. Idan sun ce malami suke so, kada a kai musu tabarmi. Gudummawar wata-wata ta fi tarin kuɗi na rana ɗaya, domin malamin ƙauye da ita zai iya yin lissafin gidansa. Idan za a haƙa rijiyar burtsatse, a ɗauki samari biyu na ƙauyen su koyi gyaran famfo tun ranar farko, a biya magina na wurin haƙƙinsu. Littafin kuɗi kuwa a yi shi biyu, ɗaya a Yindiski ɗaya a ƙauyen, a riƙa karanta shi a bainar jama'a duk bayan wata uku.