Sitiyari Ya Yi Tauri: Bincike Kafin Sayen Famfo

A garejojin manyan motoci, da zarar direba ya ce sitiyari ya yi tauri, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne famfo ya mutu. Sai a sayo wani, a ɗaura, bayan 'yan kwanaki taurin ya dawo. Wannan ɗabi'a tana cin kuɗin mai mota, tana kuma mayar da tirela kan titi da cutarta a jiki.

Sitiyarin DAF ko MAN ko Howo ba ƙarfin damtsen direba ke juya shi ba. Famfo ne ke tura mai da matsi zuwa akwatin sitiyari, man ya taya direba murɗa tayoyin gaba. Saboda haka tauri kan fito ne daga ɗayan wurare biyu: ko man ya gaza aikinsa, ko ƙarafan da ake juyawa sun cije. Aikin makaniki na farko shi ne ya raba waɗannan biyun.

Hanyar ba ta da tsada. A fara duba iskar tayoyin gaba da nauyin lodin da ya hau kansu. Sai a buɗe tankin man sitiyari: raguwarsa alamar yoyo ce, kumfa alamar iska ta shiga, baƙi da ƙauri kuma alamar ya ƙone ko matatarsa ta toshe. Daga nan a ɗaga gaban motar da jak, a kashe inji, a juya sitiyari. In ya tafi salin-alin, matsalar tana ɓangaren mai. In har yanzu yana cijewa, a nemi laifin a turakun da tayoyin gaba ke juyawa a kansu, ko a gaɓar sandar sitiyari, inda ƙurar hunturu da ruwan damina kan cinye giris. Taurin da ke sassautawa idan an taka totur shi ne ke nuna famfo, kuma ko shi ma sai ma'aunin matsi ya tabbatar kafin a saya.

Masu motoci kan ce tsayar da tirela yini guda asara ce. Haka ne. Amma direban da ake biya bisa yawan tafiya ba zai kai ƙarar sitiyari ba muddin zai iya kokawa da shi, kuma kokawar takan ƙare ne a kwana, a gangara, ko a tsakiyar kasuwar bakin hanya, inda motar da ke ɗauke da tan 30 ba ta ba da damar gyara kuskure.

Don haka gyaran ya wuce gareji. Wajibi ne mai mota ya ɗauki koken direba a matsayin dalilin tsayar da mota, ba tare da an zaftare masa ko sisi ba, kuma kada ya biya kuɗin famfo sai makaniki ya faɗa masa abin da ya gwada da abin da ya gani.